KOWA YA CI LADAN KUTURU...

Jama'a, duk wanda ya ɗauki wannan fitowa ta mujallarmu zai ji ta shafal a hannu. Ba ta kai ta bara kauri ba, bangonta ba mai sheƙi ba ne, takardar ma irin ta araha ce, wadda in ka ɗaga ta a rana sai ka hango rubutun bayanta. Wasu har sun fara tsegumi a ɗakunan kwana da gindin bishiyoyi, wai laifin wani ɗan Mahuta ne mai taurin kai, wanda ya sa aka mayar da hannun alheri. To, ni ne ɗan Mahutan. Tun da kuwa Malam Edita ya yi mini adalci ya ba ni fili, zan faɗi yadda abin ya faru, da dalilin da ya sa har gobe ina nan a kan bakana.

A dogon hutun da ya wuce na koma gida. Ga wanda bai san Mahuta ba, unguwa ce a kudancin Kogin Kaduna, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, in ka wuce Sabon Tasha ka nufi hanyar Kachia, dab da matatar man da aka buɗe a 1980. Gari ne na taron dangi: ga Gbagyi masu ƙasa, ga mutanen kudancin jiha, ga Hausawa da Yarbawa da Ibo, kowa da harshensa a cikin gida, amma in an fito kasuwa Hausa ce ke raba gardama. Don kada in zauna haka nan, sai na nemi aikin wucin gadi a wata makarantar kuɗi inda ƙanwata take aji huɗu. Ba zan faɗi sunan makarantar ba, domin mutanen kirki ne, su ma cutarsu aka yi.

Makarantar nan ta shiga yarjejeniya da wani kamfani mai sayar da allunan kwamfuta, irin waɗanda yaro zai riƙa latsawa da yatsa, darasi na fitowa. Saboda allunan nan aka ƙara wa kowane uba wani abu a kan kuɗin makaranta, aka raɗa masa suna kuɗin fasaha, kowane zango sai an biya. Mahaifiyarmu kayan miya take sayarwa a bakin hanya. Ta biya ba tare da ta yi ƙorafi ba, don an ce mata wannan shi ne ilmin zamani, yaron da bai same shi ba an bar shi a baya.

Abin da idona ya gani cikin mako bakwai shi ne, allunan suna kulle cikin kabad ɗin ƙarfe a ofishin Hedimasta. Ba mugunta ce ta sa ya kulle su ba. Wutar lantarki sai ta ga dama take zuwa, man janareta kuwa ya fi ƙarfin aljihun makaranta, in ma an samu an yi caji, rabin darussan ba sa buɗewa sai da intanet. Sau uku na ga an fito da su, biyu daga ciki ranar da baƙi suka zo ne da na'urar ɗaukar hoto. A karo na ukun ni na roƙa, don in ga abin da suka tanadar wa darasin Hausa. Wallahi da ban gani ba da ya fi mini kwanciyar rai. Babu ƙugiya ko ɗaya a jikin haruffa, ƙafa ta koma kafa, ɓarawo ya koma barawo. Wata jimla ta fito wai "Baki sun zo gidanmu," sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, da ma baki yana tafiya ne?" Aji ya fashe da dariya, ni ma na yi, amma da na tuna da tiren tumatir ɗin Mama sai dariyar ta maƙale.

Da na dawo makaranta na rubuta abin da na gani cikin shafi huɗu, ban ambaci sunan kowa ba, na miƙa wa kwamitin mujalla. Aka karɓa, aka sa shi cikin jerin abin da za a buga.

Ana nan sai ga wani saurayi tsaf-tsaf, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, ya zo da albishir. Kamfaninsu, wanda shi ma irin wannan haja yake sayarwa, yana ƙaunar harshen Hausa ƙwarai, yana so ya ɗauke mana nauyin ɗab'i gaba ɗaya, kwafi 1,000, bango mai launi, har da kyautar kuɗi ga wanda ya ci gasar waƙa. Su abin da suke so kawai shi ne bangon baya don talla. Malam Ma'aji har ya fara lissafi a bayan littafinsa. Da saurayin nan ya miƙe zai tafi sai ya ce, "Malam Edita, ba sharaɗi ba ne, ladabi ne kawai, a ɗan turo mana jerin abubuwan da ke ciki mu sa albarka." Aka tura. Bayan kwana uku ya bugo waya. Bai ce a cire maƙalata ba, Allah ya sani bai faɗi haka ba. Cewa ya yi ba ta dace da ruhin zumuncin da ake son ƙullawa ba, da za a ɗan jinkirta ta zuwa wata fitowar da ya fi. Kuma don kada shafukan su tashi a banza, ga wata maƙala nan a kan makomar ilmi a zamanin kwamfuta, an riga an rubuta, an fassara, saura kawai a sami ɗalibin da za a sa sunansa a kai.

Kwamiti ya rabu biyu, aka yi ta ja-in-ja har dare. A ƙarshe aka yi irin sulhun nan namu na raba daidai: wannan fitowa a buga ta da kuɗin ƙungiya, ba a karɓi kuɗin kamfani ba, ba a kuma buga maƙalar Mahuta ba, sai babban taro ya yanke hukunci. To, ya kai mai karatu, tsaya ka duba wannan sulhu da kyau. Mutumin nan bai ba mu ko kwabo ba tukuna, ƙanshin kuɗin kawai muka ji, amma ya riga ya sami rabin abin da yake nema. In ƙanshi ya yi wannan aiki, ina ga an ci an sha ruwa?

Mu ɗaliban Hausa bai kamata a yi mana wannan wayo ba, domin darasin da muke karantawa ke nan tun shekarar farko. Mun san makaɗan fada. Kowa ya san Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, doki da riga da hatsi daga can suke fitowa, saboda haka babu mahaukacin da zai je wurinsa neman jin aibin ubangidansa. In Shata ya wasa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, mai sauraro ya san yabo yake ji, ya san kuma akwai alheri a tsakani. Maroƙi bai taɓa ɓoye ubangidansa ba, da sunansa ma yake buɗe baki, shi ya sa sana'arsa take da mutunci. Abin da ake nema mu zama ya fi roƙo muni nesa ba kusa ba. So ake mu yi roƙo sanye da rigar malanta, mu yi kirari muna kiransa bincike, mai karatu ya ɗauka alƙali ne ke magana alhali kuwa sanƙira ne.

Kada wani ya zaci wannan dabara a kanmu aka fara ta, ko kuwa don an raina mu ne. An yi wa waɗanda suka fi mu gemu. A 2009, cikin wata shari'a da aka yi a Ostireliya, asiri ya tonu cewa kamfanin Elsevier, ɗaya daga cikin manyan masu buga mujallun ilmi a duniya, ya yi shekaru yana fitar da wata mujalla ta likitancin ƙashi da gaɓoɓi wadda kamfanin magunguna na Merck ke biyan kuɗinta. Kamanninta kamar kowace mujallar masana, amma cike take da maƙalun da aka tsinto masu yabon magungunan Merck, ba a kuwa gaya wa likitocin da ke karantawa wanda ya biya ba. Ɗaya daga cikin magungunan, Vioxx, tun 2004 aka janye shi daga kasuwa saboda haɗarinsa ga zuciya. Daga baya Elsevier da bakinsa ya amsa cewa irin waɗannan mujallu har shida ofishinsa na Ostireliya ya fitar. In an yi haka a fagen da ran mutum ke kan gaba, me zai hana a yi a fagen allo da alli, inda ba a ganin gawa?

Ai kuwa ana yi. Hukumar UNESCO ta ware rahotonta na ilmi na 2023 kacokan a kan na'urorin koyarwa, abin da ta gano kuwa ya isa ya sa kowane Hedimasta ya sake tunani. Ta ce ƙwaƙƙwarar hujja mai nuna amfanin waɗannan na'urori kaɗan ce, kuma da yawa daga cikin hujjar da ake yawo da ita daga hannun masu sayar da hajar ta fito. Ta kawo misalin kamfanin Pearson, wanda ya biya kuɗin nasa binciken don ya ƙaryata na masu zaman kansu da ya nuna kayansa ba su ƙara komai ba. A Ingila ma, inda ake da doka da masu sa ido, kashi 7 cikin 100 ne kawai na kamfanonin suka taɓa yin gwaji na haƙiƙa, wato irin wanda ake raba yara gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba waɗannan na'ura a hana waɗancan, sannan a auna. Daɗin daɗawa, hajar takan canza kama kusan duk wata 36, kafin mai bincike na gaskiya ya gama aunawa an riga an fito da sabuwa, an ce waccan tsohon yayi ce. A Amurka har akwai mujallar fasahar koyarwa mai suna EdTech wadda kamfanin CDW, mai sayar wa makarantu kwamfutoci, shi ne mai ita ɗungurungum. Su dai sun rubuta haka a jikinta, sun fi saurayinmu gaskiya.

In kuwa mai bincike ya ƙi cin ladan fa? A 2016 wani ɗalibin digiri na uku daga Kanada, Curtis Riep, ya je Yuganda yana nazarin makarantun kamfanin Bridge, waɗanda malamansu ke karanto darasi kalma bayan kalma daga allon kwamfuta. Kamfanin ya buga hotonsa a jarida kamar wanda ake nema, 'yan sanda suka kama shi a Kampala bisa zargin sojan gona da shiga wuri ba izini, daga baya aka sake shi don babu abin da aka kama shi da shi. A shekarar nan dai kotu a Yuganda ta goyi bayan gwamnati a kan rufe makarantun kamfanin su 63. Don kada a ce na yi son zuciya, bari in faɗi ɗaya gefen: a 2022 Michael Kremer, wanda ya ci kyautar Nobel a 2019, shi da abokan aikinsa sun fitar da nazari a kan makarantun Bridge na Kenya, suka ga yaran sun fi takwarorinsu ci gaba sosai. To, madalla. Abin da nake faɗi ke nan: a bar masu awo su yi awo, in mudu ya cika a faɗa, in bai cika ba a faɗa. Wanda ya tabbata hatsinsa ba tsakuwa ba ya tsoron a zuba a faifai.

Mu nan Nijeriya mun taɓa ganin irin wannan biki. A 2005 Nicholas Negroponte ya shelanta wa duniya kwamfutar dala 100, kowane yaro da tasa. Gwamnatin Obasanjo ta nuna sha'awar sayen miliyan guda, a 2007 aka kai 'yan koraye-korayen kwamfutocin nan makarantar firamare ta Galadima a gefen Abuja, kamfanin Intel kuma ya kai nasa samfurin wata makaranta a Jabi. Jaridu suka cika da hotunan yara suna murmushi. Miliyan ɗin nan ba a taɓa sayenta ba. Ƙasar Peru ita ta saya da gaske, sama da 800,000, kuma da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya auna a 2012, sai ya tarar ba a sami ƙarin komai ba a lissafi da karatu, sai ɗan abin da ba a rasa ba wajen kaifin tunani. A 2015 ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu arziki ita ma ta ce ƙasashen da suka zuba dukiya a kwamfutocin makaranta ba su ga wani ci gaban a-zo-a-gani ba a sakamakon yaransu. Wa ya karanta wa iyayen Mahuta wannan? Babu. Abin da ya iso gare su shi ne takarda mai sheƙi, an rubuta "bincike ya nuna" sau biyar a shafi ɗaya, ba a faɗi wa ya yi binciken ba, yara nawa aka gwada, wata nawa aka ɗauka, balle wanda ya biya.

A nan, malamanmu masu girma, ku gafarce ni, zan ɗan taɓa inda ke da ciwo. Kowa ya san yadda mujallun tsangayoyinmu suke rayuwa. Malami ba ya samun ƙarin girma sai da maƙalu, mujalla ba ta fitowa sai marubuci ya biya kuɗin shafi, taron ƙara wa juna sani ba ya yiwuwa sai an sami mai ɗaukar nauyin zaure da abinci da jakunkuna. Edita kuwa malami ne mai ɗawainiya goma, ba a biyansa ko sisi a kan aikin. To, a irin wannan hali ba sai an sayi kowa ba. Kamfani ya biya kuɗin taro, an ba wakilinsa kujera a babban tebur, an buga tambarinsa a bangon mujalla. Wane matashin malami ne zai miƙe a zauren nan ya karanta takardar da ke cewa ya gwada hajar mai gayya bai ga amfaninta ba? Ba za a hana shi ba, shi da kansa ba zai rubuta ba, domin baki in ya ci, ido kan ji kunya. Ɓarnar ba ta tsaya ga ƙaryar da aka buga ba, ta fi yawa a gaskiyar da aka bari cikin aljihun tebur. In an tara mujallun shekara goma aka ga duk yabo ne, sai Kwamishinan Ilmi ya ɗauka magana ta ƙare, ya sa hannu a kwangila. Jihohi irin su Edo a 2018 da Legas a 2019 sun riga sun shigar da koyarwa da allon kwamfuta cikin makarantun gwamnati, ba abin da zai hana guguwar ta game Arewa. A jiharmu ta Kaduna kuwa, inda a 2017 gwamnati ta ce malaman firamare sama da 21,000 sun faɗi jarrabawar da ta yi musu, duk nairar da ta tafi kabad ɗin ƙarfe naira ce da ba ta je wajen horar da malami ba.

Yanzu bari in juyo ga abokina Malam Ma'aji, domin hujjarsa ba ta banza ba ce, kuma shi ne ke yawo ɗaki-ɗaki yana karɓar kuɗin ƙungiya ana yi masa kallon mai bin bashi. Ya ce da ni a gaban kwamiti, "Kai Malam, adabin da kake taƙama da shi, da kuɗin wa aka buga shi? Ba da kuɗin Bature ba?" Gaskiya ne. Hukumar Fassara ta 1929 ta gwamnatin mulkin mallaka ce. Gasar 1933 wadda ta haifar mana da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, Rupert East ne ya shirya ta. Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Zariya cikin Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta, ba da kwabon masu karatu kaɗai ta rayu ba. Ban musa ba, kuma ba ni cikin masu zagin mazan jiya, sun yi aikin da har yau muke cin moriyarsa.

Amma Malam Ma'aji, a karanta tarihin har ƙarshe mana. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu jaridar nan aikin wa ta yi, in ba na tara wa Ingila sojoji da gudummawa ba? Da siyasa ta kankama, aka kafa NEPU a 1950, me ya sa su Malam Aminu Kano da mutanensa suka riƙa kai kukansu jaridar Comet ta Kano da sauran jaridun Zik? Don sun san gidan da ake cin tuwon gwamnati da En'e ba a zagin mai tuwo a cikinsa. Imam mutum ne mai wayo da ƙarfin hali, ya sha faɗa wa hukuma gaskiya cikin hikima da habaici, amma ko shi ya san inda igiya ta tsaya. Sa'an nan dubi ƙarshen abin. Hukumar NORLA da aka kafa a 1954, ranar da gwamnati ta ga ba ta biyan kanta, a 1959 aka rufe ta. New Nigerian da ta fara fitowa a nan Kaduna a 1966, gwamnatin tarayya ta karɓe ta a 1975, daga baya da masu ba da abinci suka janye hannu, ita da Gaskiya Ta Fi Kwabo suka durƙushe tare. Bambancin kuma da Malam Ma'aji ya tsallake shi ne, mai karanta Gaskiya ya san ta hukuma ce, ba a ɓoye masa ba, kamar yadda mai sauraron Narambaɗa ya san fadar da ya fito.

Wa ya ceci ƙagaggen labarin Hausa tun daga shekarun 1980, lokacin da tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya? Ba wani mai ɗaukar nauyi ba ne. Matasa ne da matan aure irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino, suka tara 'yan kuɗaɗensu suka kai wa masu injin ɗab'i, aka buga a takarda mai araha irin wannan da ke hannunka. Masana suka yi musu dariya, aka kira abin adabin kasuwar Kano. Amma da yake mai karatu ne ubangidansu, sun taɓo auren dole da kishi da sakin wulaƙanci, abubuwan da littattafan hukuma suka daɗe suna kewayewa. Yau ga shi muna rubuta kundin digiri a kansu.

Wani kuma ya ce da ni, ai ƙin kyauta girman kai ne, ba tarbiyyar Bahaushe ba ce. Sai na tuna masa da Magami. Wajen 1788, a filin Idi, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa ya yi musu kyauta, ya ware wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kaso mai tsoka na zinariya. Shehu ya ce shi da jama'arsa ba su bukatar dukiyar, a maimakonta ya nemi abu biyar, cikinsu har da a bar shi ya yi wa'azi ba tsangwama, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Sarki ya amsa. Ba ina kwatanta 'yar mujallarmu da wannan babban al'amari ba ne, ni wa? Abin lura kawai shi ne, malaman da suka karɓa a ranar nan ba wanda ya ji sun roƙa wa talaka komai.

Kada a fahimce ni a karkace. Ni ba maƙiyin na'ura ba ne, wannan maƙala ma a wayata na rubuta ta, kuma tun 2015 babu mai shiga jami'a ta hanyar jarrabawar JAMB bai taɓa kwamfuta ba, saboda haka yaron Mahuta yana bukatar ya san ta. Ba kuma cewa na yi duk kuɗin kamfani haram ne ba. In mai shagon littattafai ko mai sayar da allon kwamfuta yana son bangon baya, a yanka masa farashi kamar kowa, a rubuta "Talla" ɓaro-ɓaro a samansa, ya biya ya tafi. Abin da nake roƙon babban taro ya rubuta cikin tsarin mulkin ƙungiya shi ne, kada wanda ba ɗan kwamiti ba ya ga abin da ke cikin mujalla kafin ta fito, ko shi wane ne. Duk wanda ya ba mu kuɗi a buga sunansa da adadin abin da ya bayar a shafi na biyu, inda kowa zai gani. Kada gudummawar mutum ɗaya ta wuce sulusin kuɗin ɗab'i, don in ya yi fushi ya janye, mu rame kawai, kada mu mutu. Maƙalar da aka kawo a rubuce kuwa ana neman sunan da za a liƙa mata, ɗalibin da ya ba da sunansa a kore shi daga ƙungiya, don wannan da satar jarrabawa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. In saurayinmu ya ji waɗannan ƙa'idoji ya ce har yanzu yana ƙaunar Hausa, ni zan fara miƙa masa hannu, in nemi gafararsa a bainar jama'a. In kuwa ya ɗauke ƙafa, to mun san abin da ya zo saye.

Malam Ma'aji zai ce, to sauran kashi biyun daga ina? Daga inda na wannan fitowa ya fito. Mu rage kwafi, mu bar bango mai launi, mu sayar maimakon rabawa kyauta, mu bi tsofaffin 'yan ƙungiya da ke aiki a gidajen rediyo da ma'aikatu, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Na yarda aiki ne mai gajiyarwa, na kuma yi alkawari a gaban kowa zan riƙe masa jaka mu yi yawon tare.

Babban taro dai ranar Asabar ta farko ne bayan an dawo hutu. Zan zo da kwafi 50 na maƙalar Mahuta da na buga da kuɗin aljihuna, duk mai so ya karanta kafin a kaɗa ƙuri'a, ya ga ko akwai zagi ko ƙarya a ciki. Zan kuma zo da rasidin kuɗin fasaha na zango uku, in Mama ta yarda ta ba ni aro, don a cikin leda take ajiye su ƙarƙashin katifa, kuma jiya ta aiko ƙanwata ta gaya mini a waya an ce a kawo na zango mai zuwa kafin ƙarshen wata.